Bangon kalmomi: Me za a liƙa wa ɗan aji ɗaya a Bichi da Dambatta?

Duk wanda ya taɓa leƙa ajin nazare a makarantun kuɗi na birnin Kano ya san yadda bangon yake: ƙananan katuna jere bisa tsarin abacada, kowanne ɗauke da kalma ɗaya ta Turanci. Shi ake kira bangon kalmomi. Manufarsa ita ce yaro ya riƙa cin karo da kalmomin da suka fi yawan fitowa a rubutu, safe da rana, har ya kai yana gane su da kallo ɗaya ba sai ya tsaya haɗa baƙi ba.

Dabarar ta fara gangarawa makarantun gwamnati ta hanyar bitocin da ake yi wa malamai, kuma ya dace ta isa har ƙauyukan Makoɗa da Kunchi da Tsanyawa da Minjibir. A can ne ma aka fi buƙatarta. Amma idan aka kwaso ta yadda take a Amurka, da kalmominta da salon koyarwarta, aka liƙa wa ɗan manomi, to za a ƙara masa wata hadda ce a kan haddar da ta riga ta yi masa yawa, karatun kuma yana nan inda aka bar shi.

Dalilin da ya sa ƙauye ya fi birni buƙatar bangon a bayyane yake. Yankin arewacin Kano ƙasa ce mai cike da jama'a, gona na manne da gona, gari na hango gari, amma rubutun boko ya yi ƙaranci a idon yaro. A gida akwai Alƙur'ani da allo da tawada. Rubutun boko kuwa sai a jikin buhun taki, ko kwalin magani, ko fastar 'yan siyasa da ta kwana biyu a jikin bishiya, kuma yawancinsu da Turanci ne. Littafin karatu a aji, in akwai shi, yara da yawa ne ke leƙa guda ɗaya. Allon aji kuma ana share shi bayan kowane darasi. Ke nan abin da aka rubuta a bango shi kaɗai ne rubutun da zai jira yaro har gobe.

Kuma yaron ƙauye yana fashin makaranta ba don ya so ba. Da damina akwai shuka da noman fari da maimai, da kaka akwai yankan gero da roron wake da cirar gyaɗa, ga ranar kasuwa, ga tallan da ake ɗora wa 'yan mata. Wanda ya yi mako biyu bai zo ba, idan ya dawo ya tarar da kalmomin da aka koya a bayansa suna bango, yana da inda zai kama. Idan a allo aka yi su aka share, sun tafi ke nan.

Ciwon Turanci ne aka yi wa magani

Jerin kalmomin da ake gani a bangon makarantun kuɗi yana da asali. A shekarar 1936 wani malamin Jami'ar Illinois a Amurka, Edward Dolch, ya fitar da kalmomi 220 da suka fi yawan maimaituwa a littattafan yara na Turanci. Daga baya Edward Fry ya fitar da nasa jerin mai kalmomi 1,000. Ita kuma Patricia Cunningham ta yi fice wajen yaɗa dabarar bangon kalmomi, inda ake ƙara kalmomi biyar a mako, yara su furta, su tafa, su rubuta.

Abin da ya sa Turawa suka damu da wannan aiki shi ne rubutunsu ba ya cika alkawari. Yaron da ya san sautin kowane harafi, idan ya zo kan “one” ko “said” ko “was”, haruffan ba za su kai shi ga furucin ba. Dole a nuna masa, a maimaita masa. Wani bincike da Philip Seymour da abokan aikinsa suka wallafa a 2003 ya kwatanta yara 'yan shekarar farko a makaranta a ƙasashen Turai. Masu koyon karatu da harsunan Finland da Girka da Italiya da Sifaniya suna karanta fiye da kashi 90 cikin 100 na kalmomin da aka ba su daidai a ƙarshen shekarar. Masu koyo da Turanci kuwa ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin uku ba. Kaifin ƙwaƙwalwar yaran ɗaya ne, rubutun ne ya bambanta.

Rubutun Hausa na boko yana sahun waɗancan masu sauƙin. Tun ƙa'idojin da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya shimfiɗa a 1912, zuwa shigo da haruffa masu ƙugiya a shekarun 1930 zamanin Rupert East a Zariya, an gina shi ne a kan harafi ya tsaya wa sautinsa. Wasula biyar ne. Gaɓar kalma ba ta da sarƙaƙiya: baƙi da wasali, wani lokaci da ƙarin baƙi ko wasali a ƙarshe. Yaron da ya iya “ro” da “go” ya karanta rogo, ya juya su ya karanta goro, a ƙara masa “ge” ya karanta gero. Daga kalmar masara kaɗai, idan aka yanka katin gida uku, yara za su haɗa masa da rama da sama da sara. Babu wanda ya haddace ko ɗaya daga ciki.

To mene ne dalilin sa wannan yaro ya haddace surar kalma kamar hoto, alhali mabuɗin yana hannunsa? Su kansu masu Turancin sun ja da baya daga wannan hanya. Ingila ta koma koyar da sautin haruffa bayan rahoton Jim Rose na 2006, kuma daga 2012 ta fara yi wa 'yan aji ɗaya gwaji a kai. Binciken Linnea Ehri ya nuna cewa kalma tana zama wadda ake ganewa da kallo ɗaya ne bayan yaro ya haɗa haruffanta da sautukanta sau da yawa, har ta zauna masa. Wato gane kalma nan take sakamakon haɗa baƙi ne, ba hanyar kauce masa ba ce.

Malaman makarantar allo sun daɗe da sanin wannan. Almajiri yana farawa da babbaƙu, ya san haruffa, sannan farfaru, ya san wasulla, kafin a sake shi ya haɗa da kansa. Yaran da ke zuwa aji ɗaya a Bagwai ko Shanono da yawansu sun riga sun zauna gaban alaramma. Malamin boko da ya ce musu “ga babbaƙun boko, ga farfarunsa” bai kawo musu baƙon abu ba.

Inda Hausa ke buƙatar bango

Wannan ba ya nufin Hausa ba ta da wuraren da ido ke buƙatar sabo. Tana da su, sai dai ba inda Turanci yake da su ba.

Akwai ƙananan kalmomin da jimla ba ta tsayuwa sai da su: da, na, ta, ya, a, ba, ne, ce, sai, amma, kuma, wannan, saboda. Yaro zai iya haɗa su, amma muddin yana tsayawa a kan kowace “da” yana lissafi, kafin ya kai ƙarshen layi ya manta farkonsa. Waɗannan su ne suka cancanci wuri na dindindin a bango, bayan an koyar da su harafi-harafi.

Sai haruffa masu ƙugiya, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Kara daban, ƙara daban. Fada wurin sarki ce, faɗa kuwa a raba. Haka kafa da ƙafa, kaya da ƙaya, baki da baƙi, da kuma “da” da “ɗa”. Yaro yana bambanta su sarai a bakinsa tun kafin a yaye shi, a takarda ne ake rikita shi, domin allunan shaguna da saƙonnin waya da ma wasu littattafan sun yi watsi da ƙugiyar. Bangon ajin Hausa ya kamata ya ba ɓ da ɗ da ƙ da 'y gurbinsu, kowanne kusa da ɗan'uwansa marar ƙugiya, a jera kalmomin biyu-biyu. Katin da aka bugo da tsarin abacadan Turanci ba shi da wannan gurbi, yana kuma ɓata wuri a kan q da v da x waɗanda Hausa ba ta aiki da su. Haka tagwayen baƙaƙe irin su sh da ts da ky da gw da ƙw, waɗanda yaro ke son karanta su ɗai-ɗai sai an nuna masa tafiyarsu ɗaya.

Ga kuma raba kalma da haɗe ta, wanda manya ma ke tuntuɓe a kai. “Yana” a haɗe take, “za su” a rabe, “shi ne” a rabe. “A kan tebur” ba ɗaya ba ne da “akan yi ruwa”. Duk mai karanta Hausa a Facebook ya san yadda wannan ya dagule, har da masu rubuta “xan” a maimakon “zan”. Yaron da ya shekara yana kallon daidai a bango, hannunsa zai bi. Amma fa sai malamin ya rubuta daidai ɗin, don kuskuren da aka yi a allo yana tafiya da tsumman sharewa, wanda aka liƙa a bango kuwa zango uku zai yi yana koyarwa.

Na ƙarshe, rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Gari na iya zama na tuwo ko na mutane, kuka na miya ko na hawaye, wuya na jiki ko na wahala. Irin waɗannan ba a liƙa su su kaɗai. Sai an sa su cikin gajeriyar jimla, ko an yi ɗan zane a gefe.

Sabuwar manufa da tsohon haɗari

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne sauyin manufar harshe. A watan Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya, zamanin Ministan Ilimi Adamu Adamu, ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa har aji shida. A Nuwamban 2025 Minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, ya ce Turanci ne harshen koyarwa tun daga ƙasa, yana mai danganta faɗuwa jarrabawa da yawan dogaro da harshen gida.

Ana iya fahimtar damuwar, kuma iyaye a ƙauye ba su ɓoye cewa Turanci suke so 'ya'yansu su iya. Da shi ake jarrabawar shiga sakandare, da shi ake WAEC da JAMB, da shi ake cike fom. Sai dai an bar jaki ana dukan taiki. Manufar 2022 ba ta samu littattafai da malaman da za su tsayar da ita ba balle a ɗora mata laifi. Abin da ke faruwa a ajin ƙauye tun da daɗewa shi ne malami ya rubuta Turanci a allo, ya yi bayani da Hausa, yara su kwafa abin da ba su iya karantawa ba. Alƙaluman da UNICEF ke ambatawa daga binciken 2021 sun nuna kusan yaro ɗaya cikin huɗu ne kawai, tsakanin shekara 7 zuwa 14, ke da ƙwarewar karatu ta tushe a Najeriya.

Haɗarin yanzu shi ne a fassara sabuwar manufar da cewa a cika bango da jerin Dolch tun ranar farko. Duba abin da zai faru. A cikin jerin akwai “can” da “me” da “to” da “in” da “so” da “an” da “take”. Duk bakwai ɗin kalmomin Hausa ne idan aka karanta su da Hausa: can nesa, me ya faru, to shi ke nan, in ka zo, so da ƙauna, an gama, nan take. Harafin c da yaro ya sani a “ci” da “ce” ba shi ne na “can” ta Turanci ba. Ɗan shekara shida da bai gama sanin cewa harafi yana da sauti ba, aka ba shi kati ɗaya mai furuci biyu a bango ɗaya, abin da zai koya shi ne rubutu ba shi da ƙa'ida, sai dai a jira malam ya faɗa a maimaita.

Ba a ce kada a koyar da Turanci ba. A ba shi nasa bangon, a wani ɓangaren ɗakin, da wani launin alli ko kati, a fara da kalmomin da yaro ya riga ya ji ma'anarsu da baki. Na Hausa ya riga shi tsayuwa. Yaron da ya gano sirrin haɗa baƙi a harshen da yake mafarki da shi, sau ɗaya yake gano shi, ya tafi da abinsa zuwa kowane harshe.

Kano ba ta buƙatar zuwa nesa neman hujja. A 2019 aka fara shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil, haɗin gwiwar Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha da British Council da TaRL Africa, da tallafin gwamnatin Birtaniya. An ɗauko salon ne daga ƙungiyar Pratham ta Indiya: a gwada yara, a raba su gwargwadon abin da suka iya ba gwargwadon ajinsu ba, a koma da su kan harafi da gaɓa da kalma da Hausa, Turanci kuma a shigo da shi tare da Hausar. 'Yan aji huɗu zuwa shida aka yi wa shirin. Wato yaran da suka shekara uku zuwa biyar a makaranta ne aka koma koya wa abin da ya kamata su samu a aji ɗaya. Shirye-shiryen RANA a Katsina da Zamfara da Mu Karanta a Sakkwato da Bauchi su ma da karatun Hausa na azuzuwan farko suka fara. Kayan aikin da tsarin darussan suna nan, ba sai an ƙirƙiro sabo ba.

Bangon da babu

Mai karatu da ya san makarantun yankin zai ce: wane bangon? Tambaya ce mai kyau. Lokacin da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, shi da kansa ya yi maganar miliyoyin ɗalibai da ke zaune a ƙasa da kuma makarantu kusan 400 masu malami ɗaya tal. Akwai ajin da iskar bazara ta yaye kwanonsa, akwai wanda ba ƙofa ba taga, awaki su kwana a ciki su wayi gari sun cinye duk takardar da bakinsu ya kai. Abin da awaki suka bari gara ta ƙarasa, ko hunturu ya ɓamɓare. Akwai kuma masu karatu a gindin darbejiya.

Shi ya sa katin da aka buga a birni aka lulluɓe da leda ba shi ne mafita ba, ko da yake shi ne zai fi burge mai neman kwangila. Inda bango yake da filasta, a shafa baƙin fenti irin na allo a tsawon gefe ɗaya, ƙasa-ƙasa daidai idon yaron da ke zaune a tabarma, a yi rubutu da alli da manyan haruffan da na layin baya zai hango. Akuya ba ta cin fenti. Inda babu filasta, ko babu ɗakin ma, igiya ta wadatar: a yanka kwalin taliya ko na sabulu, a huda, a zura, a ɗaure tsakanin ƙusa biyu ko reshe biyu, a tashi a naɗe a kai ofishin hedimasta. Wannan ba ya fin ƙarfin kwamitin kula da makaranta na gari.

Igiyar ma ta fi bangon wani amfani guda. Babban ciwon ajin da yara suka haura ɗari shi ne karatun aku. Malam ya nuna da sanda, aji ya amsa da murya ɗaya, baƙo ya ji daɗi. Alhali yara goma ne a gaba ke karantawa, sauran suna bin amo, wasu kuma sun haddace wuri ne: sun san ta kusa da taga ita ce “ruwa”. Katin da ake iya cirewa a sauya masa wuri yana tona wannan asiri a minti ɗaya.

Kuma kada a cika. Wani gwaji da masu bincike na Jami'ar Carnegie Mellon suka wallafa a 2014 ya nuna yara ƙanana sun fi shagala, sun kuma koyi ƙasa da yadda ya kamata, a ɗakin da aka cika bangonsa da ado. Kalmomi biyar a mako, waɗanda aka haɗa da baki, aka rubuta a ƙasa da tsinke, aka sa a jimla, sun fi hamsin da aka liƙa daren zuwan baƙi. Wadda kowa ya iya a sauke ta a ba wata wuri.

Nauyi mafi girma yana kan masu horar da malamai da masu duba su. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi tana tsakiyar yankin nan. Ɗalibin da zai fita aikin koyarwa na gwaji bai kamata ya bar harabarta ba sai ya iya ƙa'idojin rubutun Hausa, ko da lissafi ko kimiyya ya karanta, domin a makarantar malami ɗaya shi ne zai riƙe aji ɗaya.

Jami'in da ke zuwa daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma kuma ya daina cike takarda da cewa ya ga bango ya yi kyau. Ya ciro kati biyu, rogo da masara, ya kira yarinya daga layin baya, ba wadda malam ya zaɓa ba. In ta karanta su, ya ɗauki alli ya rubuta mata kalmar da ba ta taɓa hawa bangon ba amma gaɓoɓinta suna cikin waɗancan biyun, kamar goma ko gora, ya ba ta lokaci ta haɗa.